Yashin Tankin Murjani: Yadda Ake Zaɓensa da Yadda Ake Sauya Shi

Wanda ya fara kiwon murjani, wato halittar teku mai rai da ke gina ƙashi kamar dutse, a tankin gilashi, hankalinsa kan tafi ne wajen fitila da famfunan kaɗa ruwa da kifaye masu launi. Yashin da za a shimfiɗa a ƙasa sai a ƙarshe ake tunawa da shi, a saye shi da canjin da ya rage. Amma fitila in ba ta yi maka ba, cikin minti goma ka kwance ta ka ɗaura wata. Yashi kuwa yana ƙarƙashin komai, duwatsu na kewaye da shi, halittu na kwana a cikinsa, kuma duk dattin da tanki ya yi tun ranar da aka zuba masa ruwa, wani kaso nasa yana nan binne a ciki. Ni kaina na taɓa kwashe tsohon yashi gaba ɗaya a yini guda, ina ganin gyara nake yi, gari bai waye ba sai da na rasa kifi biyu. Tun daga nan nake taka-tsantsan da wannan aiki, kuma abin da na koya shi zan shimfiɗa a nan.

Aikin da yashi yake yi

Kifi yana fitar da amoniya, ragowar abinci ma in ya ruɓe ita yake zama. Amoniya guba ce, kuma dafinta ya fi tsanani a ruwan teku saboda ma'aunin pH ɗinsa, wato lambar da ke nuna tsamin ruwa ko rashinsa, yana kusa da 8. Akwai bakteriya masu mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait zuwa naitiret wanda bai kai su illa ba. Waɗannan bakteriya ba yawo suke a ruwa ba, manne suke a jikin abubuwa, kuma kowace ƙwayar yashi gida ce gare su. A saman shimfiɗar, inda iskar oksijin ke kaiwa, nan suke aiki. Can ƙasa inda iskar ta yi ƙaranci, wasu bakteriyan na daban suna farfasa naitiret ya fita a matsayin iskar naitirojin. Idan kuwa aka je inda babu oksijin kwata-kwata, kuma datti ya taru, sai a fara samun wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ita ce ke sa ka ga yashi ya yi baƙi ta jikin gilashi. Muddin tana binne ba ta cika yin ɓarna ba. Ranar da aka tone ta a lokaci guda, ranar ce ake asara.

Wane yashi?

Abin da masu wannan kiwo suka fi amfani da shi shi ne aragonait, wato yashin da asalinsa sinadarin kalsiyam kabonet ne, irin wanda murjani ke gina ƙashinsa da shi. Sunan ya samo asali ne daga garin Molina de Aragón a ƙasar Sifaniya. Za ka ji masu sayarwa na cewa yana narkewa ya riƙe maka kalsiyam da alkalinati, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami. Kada ka dogara da wannan. A ruwan da pH ɗinsa ke tsakanin 7.8 da 8.4 narkewarsa kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa na'urar da aka ƙera musamman don narkar da shi sai ta sauke pH zuwa wajen 6.5 kafin ta yi aiki. Amfaninsa na gaskiya shi ne ba ya zuba wa ruwa wani baƙon abu, fari ne mai mayar da haske, kuma shi ne irin ƙasar da halittun nan suka saba da ita a teku.

Mu da muke nesa da teku, jarabawar da ke gabanmu ita ce yashin kogi ko yashin gini, tunda ga shi nan tifa-tifa a kowace unguwa, shi kuwa aragonait sai an shigo da shi daga waje da tsada. Araha ba ta ado. Yashin kogi yana ɗauke da laka da ƙarfe da abin da ruwa ya wanko daga gonaki, ga shi ya fi aragonait tauri, ƙwaya ɗaya in ta shiga ƙarƙashin abin goge gilashi sai ta bar maka zane har abada. In ka sayo yashi kana shakkarsa, ɗebi cokali guda ka zuba masa ruwan khal. Kalsiyam kabonet zai yi kumfa nan take, yashin kogi zai zauna shiru. Baƙin yashi irin na duwatsu masu aman wuta yana da kyaun gani, amma ka fara gwada shi da maganaɗisu. In ya kama, zai riƙa liƙewa a maganaɗisun goge gilashi da cikin famfuna. Sannan ga masu zuwa Jidda ko masu zama a Fot Sudan: kada a ɗebo yashi ko gutsuren murjani daga bakin Bahar Maliya. Murjani mai ƙashi yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ta sa wa ido wajen tsallaka iyaka, yashin bakin teku kuma ba ka san abin da jiragen ruwa da magudanai suka zuba masa ba.

Girman ƙwaya shi ne babban abin da za ka yanke shawara a kai, kuma ƙarfin ruwan tankinka ne zai faɗa maka, ba idonka ba. Akwai mai laushi kamar sukari, wanda ƙwayarsa ba ta kai milimita 1 ba, mafi shahara a ciki shi ne wanda ake samowa daga tekun Bahamas, inda igiyar ruwa ke mirgina ƙwayoyin har su zama mulmulallu. Yana da kyau ƙwarai, amma in kana kiwon murjani irin su Acropora masu son ruwa mai ƙarfi, zai yi ta tashi kamar ƙurar hunturu, ya sauka kan murjani, ya bar gilashin ƙasa tsirara a wani gefe, ya tara tudu a wani. Akwai matsakaici, milimita 1 zuwa 2, kamar tsakin masara. Sai kuma farfasasshen murjani, milimita 2 zuwa 5, daga girman gero zuwa na dawa. Wannan ba ya tashi, amma ramukan da ke tsakanin ƙwayoyinsa tarkon datti ne, kashin kifi da abinci su zurara ciki su ruɓe, naitiret ya yi ta hawa. A ganina, ga mafi yawan tankuna matsakaicin shi ne daidai: yana jure ruwa, tiyo na iya tsabtace shi, kuma bai yi kaushin da zai ji wa kifi ciwo ba.

Ka kuma dubi waɗanda za su zauna a kansa. Kifayen Halichoeres da Macropharyngodon nitsewa suke cikin yashi su kwana, haka in sun tsorata. Su ka ba su mai laushi ko matsakaici, zurfin santimita 5 ko kusa da haka, domin tsakuwa tana goge musu baki da jiki. Kifin Valenciennea yini yake yana cika baki da yashi yana tace shi ta ramukan gefen kansa da yake numfashi da su. Jatan landen Alpheus yana haƙa rami su zauna tare da ƙaramin kifin da ke yi masa gadi, shi yana son a gauraya masa 'yan gutsattsarin bawo da zai tokare ƙofar ramin. Kifin Opistognathus kuwa rijiya yake ginawa, sai da zurfin santimita 10 ko fiye. Murjani irin su Trachyphyllia da Fungia a ƙasa suke zama, kuma namansu ya fi samun lafiya a kan yashi mai laushi.

Zurfi

Hanyoyi uku ne aka sani. Shimfiɗa mara zurfi, santimita 2 zuwa 5, wadda ake zuƙe dattinta a kai a kai. Shimfiɗa mai zurfi, santimita 10 zuwa 15 na yashi mai laushi, wadda ba a taɓa ta, ana barin tsutsotsi da ƙananan halittu su riƙa juya ta, ita kuma tana rage naitiret. Sai tanki mara yashi sam, wanda masu Acropora da yawa ke so domin su saki ruwa da ƙarfi su kuma ga datti ƙuru-ƙuru su zuƙe. Akwai ta huɗu da masanin halittun teku ɗan Faransa Jean Jaubert ya yi suna da ita a Monako, inda ake barin fili na ruwa a ƙarƙashin raga sannan a zuba yashi a sama, amma yanzu ba kasafai ake ganinta a gidaje ba.

Abin da zan hana ka shi ne tsaka-tsaki, santimita 6 zuwa 9. Ya yi zurfin da tiyo ba zai kai ƙasansa ba, bai kuma kai zurfin da zai yi aikin mai zurfi sosai ba. Ga wanda ke zaune inda wuta ke ɗaukewa sa'o'i, ina ba da shawarar mara zurfi. Shimfiɗa mai zurfi cike take da halittu masu shaƙar oksijin, famfo na tsayawa su da kifi za su fara rabon ɗan abin da ya rage, ga zafin bazara da ke rage wa ruwa iskar da zai iya riƙewa.

Lissafin yawan da za ka saya mai sauƙi ne. Tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, ka raba da 1000, ka sami lita. Litar busasshen aragonait tana kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Mu ɗauki tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, wato lita 300. Zurfin santimita 3 zai ci lita 18, kusan kilo 27. Duwatsu za su cinye wani fili, don haka kilo 25 zai wadatar.

Za ka tarar da busasshe da kuma jiƙaƙƙe wanda ake kira mai rai. Jiƙaƙƙen yana zuwa da bakteriya a cikin leda, ba a wanke shi da ruwan daɗi. Amma buhun da ya yi watanni a hanya cikin zafi, ka buɗe ka sansana tukuna, in yana wari ka wanke shi tas kamar busasshe. Ga tankin da ya riga ya kafu, duwatsunsa suna da bakteriya isassu, busasshe ya ishe ka. Yashin da wani ya yi amfani da shi kuwa kada ka karɓa ko kyauta ne. Aragonait yana shan fosfet, sinadarin da datti ke saki mai ciyar da gansakuka, ya riƙe, ya dawo yana sakinsa sannu a hankali, in kuma an taɓa zuba maganin kifi mai sinadarin tagulla a tankin, yashin ya sha, zai kashe maka dodon koɗi da jatan lande da murjani.

Shin lokacin sauyawa ya yi?

Ba kowane yashi mai datti ne ke buƙatar sauyi ba. In gansakuka ce kawai a sama, gyara ruwa da ƙara masu shara, wato dodon koɗi masu cin datti da gansakuka, ya isa. Dalilan da na yarda da su su ne: yashin ya dunƙule ya yi tauri kamar siminti, baƙi ya mamaye ƙasansa, naitiret da fosfet sun ƙi sauka duk da canjin ruwa da rage abinci, ko kuma tun farko ka zaɓi girman da bai dace da halittunka ba. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shiri kafin a taɓa komai

Mu ci gaba da tankin nan na lita 300, a ce yana da farfasasshen murjani mai zurfin santimita 4 da ya shekara uku, ana so a mayar da shi matsakaici.

Fara da auna ruwa ka rubuta: gishiri 35 cikin dubu, wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi digiri 25 zuwa 26, alkalinati tsakanin 7 da 11 a ma'auninsa da ake kira dKH, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, maganiziyam wajen miligiram 1300 a lita, sai naitiret da fosfet. Da waɗannan lambobi za ka gane in wani abu ya fara karkacewa. Tankin da ke fama da cuta ko murjaninsa ke tsuke, a bar shi ya warke tukuna.

Haɗa sabon ruwan gishiri kwana guda kafin aiki, da ruwan da na'urar RO/DI, mai cire duk sinadaran da suka narke a ruwa, ta tace. Ruwan burtsatse ko na leda ba su isa ba, ko da sun yi garau a ido. Haɗa ninkin abin da kake tsammanin buƙata, in za ka canja lita 40, ka tanadi 80. Tanadi bokitai, tiyo mai faɗin da tsakuwa za ta wuce, audugar tata, gawayin tace ruwa, da abin gwada amoniya. Sa safar hannu mai tsawo. Tsutsotsin yashi suna da ƙaya mai ƙaiƙayi, wasu murjani irin su Palythoa kuma suna ɗauke da dafi mai haɗari ga mutum, musamman in akwai ciwo a hannu ko ruwan ya fantsama a ido.

Sai ka duba duwatsunka da kyau. A kan gilashi suke zaune ko a kan yashi? Ƙa'ida ita ce dutse ya fara sauka, yashi ya biyo baya. In an yi akasin haka, kana janye yashi ginin zai zame, ya danne murjani ko ya fasa gilashi. Duk dutsen da ke lilo, ka murza shi a hankali har ya taɓa ƙasa kafin ka ci gaba.

Zaɓi ranar da kake da tabbacin wuta, janareta da mai ko inbata a cike. Bayan an motsa yashi ne tanki ya fi buƙatar iska.

Kwashe tsohon

Raba ƙasan tankin gida biyar ko shida a zuciyarka. Kashi ɗaya za ka cire a kowane mako, lokacin canjin ruwa. In tankin ya tsufa sosai ko duwatsunsa kaɗan ne, ka bar mako biyu tsakani. Dalili shi ne kowane kashi da ka cire ya tafi da bakteriyarsa, sai waɗanda ke jikin duwatsu sun hayayyafa sun cike gurbin.

Yi aikin da rana, lokacin da kifayen da ke kwana cikin yashi suke waje suna iyo, ka ƙirga su ka tabbata. Kashe famfunan kaɗa ruwa, cire hita daga soket in ruwa zai sauka ƙasa da ita. Tsince dodon koɗin da ke wurin ka mayar da su gefe. Sannan ka sa bakin tiyo ya nitse har gilashi, ya zuƙe yashi da ruwan dattinsa tare zuwa bokiti. Kada ka yi amfani da kofi ko ludayi, domin kana ɗagowa dattin zai watsu cikin tanki, abin da ake gudu ke nan. In tiyon ya cika gudu, lanƙwasa shi da yatsa. Fara daga gaba inda ba duwatsu, ka bar na ƙarƙashinsu zuwa ƙarshe don nan ne datti ya fi yawa. In ka ji warin ƙwai, kada ka ɗaga tiyon daga wurin har sai baƙin ya ƙare, sannan ka tsaya haka nan na ranar, ka sa sabon gawayi.

Lita 30 zuwa 45 sun fita, ka tsaya ko da ba ka gama kashin ba. Cika da sabon ruwa mai zafi da gishiri daidai da na tanki, kunna famfuna. Kada su wuce rabin sa'a a kashe. Leƙa bokitin kafin ka zubar, sau da yawa akwai dodon koɗi ko ƙananan taurarin teku da za ka ceto.

Kwana uku a jere ka gwada amoniya. In ta nuna wani abu sama da sifili, ko ka ga kifi na haki a saman ruwa, yi canjin ruwa da wanda ka ajiye, rage abinci, ka ɗaga aikin mako mai zuwa.

Shimfiɗa mai zurfi da ta shekara da shekaru ba a yi mata wannan dabara, domin yanka ta gefe buɗe baƙin cikinta ne ga ruwan tanki. Ita sai a zuƙe ruwan sama mai tsabta cikin robobi tun ba a taɓa ƙasa ba, a kwashe murjani da duwatsu da kifi zuwa ciki tare da famfo da hita, a tsiyaye sauran, a buɗe tagogi, a kwashe yashin duka a zubar, a ɗauraye tankin.

Zuba sabon

Na fi son a gama cire tsohon duka, a bar ƙasan haka nan mako guda ana zuƙe dattin da duwatsu ke zubarwa, sannan a kawo sabo. In an zuba da wuri, biyun za su gauraye, mai laushi ya nitse, tsakuwar ta taso sama. In kana da kifi mai kwana a yashi, ajiye masa 'yar roba mai zurfin santimita 5 cike da sabon yashi a wani lungu, zai gano ta.

Wankin busasshen yashi yana son haƙuri. Zuba kilo 3 ko 4 a bokiti, cika da ruwa, cuɗa da hannu kamar mai wanke gero, tsiyaye farin ruwan, maimaita har sai kana ganin yashin ta cikin ruwa. Yana iya kai sau goma ko fiye. Ruwan famfo ya isa a wankin farko, amma ɗaurayar ƙarshe ta zama da ruwan RO/DI. Wanda ya tsallake wannan zai ga tankinsa ya koma kamar farau-farau na kwanaki, ƙurar kuma tana cin cikin famfuna.

Nemi bututun roba mai faɗin santimita 4 ko 5 wanda ya kai ƙasan tanki, sa mazurari a samansa. Kashe famfuna, riƙa zuba wankakken yashin da danshinsa kaɗan-kaɗan kana tura shi da ruwan tanki, kana jan bututun a hankali. Ta haka ba zai bi ta cikin ruwa ya sauka kan murjani ba. Wanda ya faɗa kan wani, hure shi da ruwa nan take. Raba zubin kashi biyu ko uku cikin makonni biyu. In a kan yashin da halittu suka riga suka kafu a ciki kake ƙari, kada ya wuce santimita 1 a lokaci guda, don kada ka binne na ƙasa su shaƙe. Sa audugar tata, ka canja ta da zarar ta yi fari.

Wasu kan karɓo kofi guda na yashi daga tanki mai lafiya don ya kawo ƙananan halittu. Yana da amfani, amma ka san tankin sosai, saboda ƙwayar cutar farin ɗigo ta kifi tana yin wani zango na rayuwarta manne a yashi.

Makonnin da ke biye

Cikin mako ɗaya ko biyu farin yashinka zai yi ruwan ƙasa. Wannan ƙura-ƙuran gansakuka ce da ke bin duk sabon wuri, takan wuce da kanta cikin 'yan makonni, kada ka zuba magani. Wadda ta fi damuna ita ce mai yauƙi da kumfa a jiki, wadda ke bayyana idan naitiret da fosfet suka faɗi sifili. Hakan na faruwa bayan sauyin yashi, tunda ka cire rumbun datti, sabon kuma yana shanye fosfet. Ka riƙe naitiret tsakanin miligiram 2 da 10 a lita, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, ko da sai ka ƙara wa kifi abinci.

Riƙa auna alkalinati sau biyu a mako. Sabon aragonait yana jan kalsiyam kabonet daga ruwa ya daskare a jikinsa, sai ka ga alkalinati na sauka, yashi na dunƙulewa. Kada ka bi shi da ɗura sinadari da yawa, hakan ƙara dunƙulewar yake. Tabbatar maganiziyam bai yi ƙasa ba, ka murtsuke dunƙulen da yatsa.

Bayan wata guda sai a ƙara masu shara. Dodon koɗin Nassarius yana binne kansa, ya fito in ya ji ƙanshin ragowar nama. Cerithium da Strombus su ne masu lasar gansakukar sama. Tauraron teku mai tace yashi kada ka sa shi a sabuwar shimfiɗa, zai cinye 'yan halittun da ke ƙoƙarin kafuwa sannan yunwa ta kashe shi. Daga nan, a duk canjin ruwa ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na shimfiɗar har ƙasa, ka lanƙwasa tiyo yadda datti zai fita yashi ya koma, mako na gaba ka matsa zuwa kashi na gaba.